Ramin da Aka Haƙa a Bayan Ɗakin Innarka

Daga Kalgo, zuwa ga ɗana Bello a Gwandu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da suka karɓe ka. Allah Ya tsare ka a gida da hanya, Ya sa albarka a keken ɗinkinka, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki. Innarka tana gaishe ka. Matarka Hajo ba ta ce a gaishe ka ba, don ba za ta faɗi haka a gabana ba, amma ita ta kawo mini tabarmar da nake zaune a kai ina rubutu. Ka yi haƙuri da karkacewar baƙaƙen, hannun da ya tsufa a kan lauje ne ya koyi riƙon fensir a ajin yaƙi da jahilci.

Saƙonka ya iso, cewa a sa Hajo a mota ranar kasuwa mai zuwa, ka sami gida. Na zaunar da wanda ya kawo saƙon na tambaye shi gidan. Ya ce gida ne mai kyau a bakin gari, ta wajen gonakin rake, zaurensa da ƙyaure, ka kuma sayo wani ƙaton kwaɗo na kanti kana nuna wa duk wanda ya zo. Na ce bayan gidan fa? Ya ce katangar baya ta zube da damina, an tare wurin da zana. Ya ƙara da cewa kana ɗora keke a jaki kana bin kasuwannin ƙauye, har Dalijan, wani lokaci ka kwana can. Ke nan yarinyar mutane za ta wuni ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba, tsakaninta da daji zana guda. Wannan ita ce maganar takardar nan, ba ni da wani labari.

An taɓa fasa gidanmu. Ba ka sani ba, don ba a haife ka ba, yayarka Kulu ce a goye, kuma ba magana ba ce da ake yi a gidan nan. Zan faɗa maka yadda ta faru da inda na yi wauta, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Tun daga ginin ɗakin abin ya fara. Da zan gina wa Innarka ɗaki na yi gayya, samarin unguwa da magidanta suka zo, aka dafa tuwon shinkafa. Ana cikin aiki tubali ya kasa. Maimakon in dakatar da gini in ƙara bugawa, sai na ce a yi gaba da kauri, bangon baya kuwa a jera masa tubali ɗaiɗai. Da bakina na ce, "Bayan ɗaki wa zai gani?" Kowa ya yi dariya aka ci gaba. Ka ga ke nan babu namijin da ke unguwarmu da bai san kaurin bangon nan ba, da hannunsa ya yaɓe shi. Gaban gida na masu wucewa ne, Bello, baya shi ne na ɓarawo. Mai fasa gida ba ya zuwa ya yi kokawa da kwaɗo a bakin hanya inda za a gan shi. Zagayawa yake yi lungu da gorar ruwa da dagi, ya jiƙa ƙasar ta yi laushi, ya ɓanɓare tubali ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ji ƙara ba. Ba a banza aka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga ba. Naka bai tsage ba ma, babu shi ne ɗungum, ka tsaya kana shafa wa kwaɗo mai.

Bayan haka sai bakina. Innarka ta zo gidan nan da tasoshin jan ƙarfe na mahaifiyarta, da adudu cike da zannuwan saƙi, da mundaye na azurfa. Ranar sunan Kulu mata sun ga jere, wannan ba laifi, al'ada ce. Laifin nawa ne da na zauna a zaure cikin maza ina lissafa abin da surukaina suka yi, har ina faɗin inda adudun yake, a ƙarƙashin gado, jingine da bangon baya. Ƙuruciya ce da son a ce an auro 'yar babban gida. Mai tsinkar dawa a gona ko mai zare abu a kasuwa, idonsa ne ya gani zuciyarsa ta ja shi. Mai fasa gida ba haka yake ba. Shi sai ya san abin da ke ciki, ya san inda yake, ya san ranar da ba kowa, tun kafin ya ɗauki dagi. Duk wannan wani ne ke ba shi, kuma yawanci mai gidan ne da kansa. Kai tela ne, abin da ke hannunka ma ba naka ba ne, yadudduka ne na mutane. Gab da sallah za su taru. Kada ka tara su tsibi guda a inda mai zuwa gwaji zai ƙirga da ido, kada kuma ka riƙa faɗin wane ya kawo shadda wane ya kawo alkyabba. Kowane yadi ka yi masa wata 'yar alama da zare a gefe, wadda kai kaɗai ka sani, don in ya ɓata ka gan shi a kasuwa ka sami abin nuna wa hukuma.

Da kaka ta yi, muka shirya tafiya tunga, bukkokinmu na fadama, yankan shinkafa, kamar yadda kowa ke yi. Ka san yadda unguwarmu ke zama a lokacin, daga tsofaffin da ba sa gani sai kaji. Na yi abin da na ga iyayena suna yi: na jera tubali a ƙofar ɗakin Innarka na yaɓe da laka, na shafe sumul, na jawo ƙaya na tare bakin zaure. Bayan sallar asuba kuma na tsaya a ƙofar masallaci na yi sallama da jama'a, na ce ba za mu dawo ba sai an gama sussuka. A ganina na kulle gida. Ashe shela na yi. Duk wanda ya ga ƙaya a bakin zaure ya san ba kowa, wanda ya leƙa ya ga ƙofar da aka yaɓe ya san a nan dukiyar take, ya kuma san ba mai buɗewa sai bayan makonni. Saboda haka in za ka tafi kasuwar ƙauye, ka tafi kamar mai zuwa bayan gari ya dawo. Kada ka sanar a majalisa. Mutum ɗaya ya isa ya sani, maƙwabcin da ka gwada ka ga amanarsa. Gida ya kasance da alamar rai, a ga hayaƙi, a ji motsin akuya, a ga shara sabuwa a ƙofa. Zabi ma suna da amfani, ba sa ganin baƙuwar fuska su yi shiru. Kuma a kowace unguwa akwai wata tsohuwa da ba ta zuwa ko'ina, tana zaune tana kaɗi tana ganin kowa. Ka nemo taku ka riƙa gaishe ta, ka ɗinke mata abin da ya yage. Ta fi kwaɗonka aiki.

Muna tunga Kulu ta kama zazzaɓi. Innarka ta ce akwai saiwar da take jiƙa mata, ta bar ta a rataye a madafa. Na ce ta je ta ɗauko, ni ba zan ajiye lauje ba. Ta goya yarinyar ta kama hanya da hantsi, ita kaɗai. Mutane suna ɗauka ɓarawo na dare ne. Namu da rana tsaka ya zo, don a kaka ranar Kalgo ta fi darenta shiru.

Ta janye ƙayar ta shiga, ta ɗauki saiwar. Har za ta fita ta ji motsi a cikin ɗakin da aka yaɓe. Ta zaci ɓera ne ko muzuru, ta zagaya ta baya don ta ga ta inda ya shiga. Ta tarar da rami a gindin bango, adudunta a waje, mutum yana fitowa da rarrafe. Ya miƙe da dagi a hannu. Ya dube ta, ya dubi goyon da ke bayanta, ya daɗe yana duban goyon. Sannan ya ɗauki kayan ya haura ta kan tarin itacen da na jingina da katanga, ya tafi. Bai taɓa ta ba. Itacen nan ni na tara shi, na yi masa tsani da hannuna, don haka ka duba abin da ke jingine da katangarka ciki da waje.

Da ta dawo tunga ban ga hawaye a idonta ba. Ta tsaya a bakin kunyar gona ta ce, "Malam, an haƙe ɗaki. Na ishe shi."

Na ce, "Wa kika ishe?"

Ta ce, "Mutum."

Abu ɗaya ta yi daidai a ranar, wanda da ni ne da na yi kuskurensa: ta ba shi hanya. Ka gaya wa Hajo, kai ma ka riƙe. In kun yi kiciɓis da ɓarawo a cikin gida, kada a tsaya tsakaninsa da mafita, kada a kama rigarsa, kada a kira sunansa ko an san shi. Ya fi ku tsoro, kuma da ƙarfe a hannunsa. Tasa ana sayen wata.

Ni kuwa sai na jefar da lauje na kama gudu ina kururuwar ɓarawo tun daga fadama. Duk wanda ya ji ya ajiye aikinsa ya biyo ni. Kafin la'asar gidanmu ya cika maƙil, maza da mata, kowa ya zo jaje. Kowa sai ya zagaya bayan ɗaki ya ga ramin da idonsa, ya riƙe baki, ya dawo ya kama hannuna ya ce Allah Ya mayar da alheri. Ni ma ina tsaye ina amsawa, har ina raka wasu ina nuna musu. Zumunci ne, ba wanda zai ji an yi wa maƙwabcinsa ɓarna ya zauna. Amma ƙasar bayan ɗakin nan a jiƙe take da ruwan da ɓarawon ya zuba, sawunsa na kwance a kai raɗau, kuma a kansa jama'a suka yi ta tattaki.

Mai unguwa ya aika aka kira Buba, wani Bafillace da ke zaune ta wajen Diggi, wanda ake nema in an kore shanu. A lokacin in aka bi sawu ya shiga wani gari, sai mai garin ya fito da mutumin ko ya nuna inda sawun ya fita. Buba ya iso da safe, ya zagaya bayan ɗakin, ya tsuguna, ya tashi. Ya ce, "Malam, sawun wa za ni bi? Garin ga duka ya taka nan." Ya sha ruwa ya koma wurin shanunsa.

To ka ji. In Allah Ya kawo ƙaddara, abu na farko ba kururuwa ba ne. Ka kife ƙwarya ko kwando a kan sawu, ka sa mutum ya tsaya a bakin lungu, masu jaje su tsaya a zaure. Za su ji haushi, su ce Bello ya hana a ga ɓarna. Su ji. Ka aika wa mai unguwa, shi ya san yadda zai kai ga 'yan doka.

Ban tsaya nan ba. Ramin yana kallon gadon Innarka, duk wanda ya duƙa sai ya ga cikin ɗakin matata. Kunya ta kama ni, na kwaɓa laka na toshe shi tun kafin a zo daga wurin hakimi a duba. Da muka je gaban alƙali ya tambaye ni a ina kayan suke lokacin da aka ɗauka. Na ce a cikin ɗaki, a yaɓe. Ya ce wannan ita ce sata mai nauyi a shari'a, don abin da aka ajiye a ma'ajiyarsa aka rufe, wanda ya keta ya ɗauka ba ɗaya yake da mai tsintar abin da aka yasar a fili ba, ya keta dukiya ya kuma keta hurumin gida. Na ji daɗin maganar. Sai ya ce, ina ramin? Na ce na toshe. Ina sawu? Na ce an tattake. Wa ya gan shi? Na ce iyalina. Aka tambaye ta ta bayan zana, ta ce ta ga mutum, ba ta da abin da za ta ƙara. Alƙali ya ce, "To wa kake ƙara?" Na ce ban sani ba. Ya ce in na sani in dawo. Ana cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tawa ɗayar har yau ba ta zo ba.

Na bi kasuwanni ina duba tasoshi, har Birnin Kabi, ban ga ko ɗaya ba. Akwai masu karɓar irin kayan nan su wuce da su nesa, kuma ba don su ba da ba wanda zai wahalar da kansa da haƙa. Za a kawo maka yadi mai tsada a ce ka saya da arha, ko a ce ka farke riga ka sake mata fasali da gaggawa. Ka tambayi asalinta. In an yi maka hanya-hanya, ka ce kekenka ya lalace.

Kayan na mayar mata da wasu a madadinsu a hankali. Abin da ba a mayar ba shi ne zaman Innarka a ɗakinta. Ta janye gadon daga bangon baya, har yau yana inda ta sa shi. Akuya ta soshi jikinta da bango sai ta miƙe tsaye. Shekaru ta yi ba ta yarda ta wuni a gidan nan ita kaɗai, in na fita sai ta ɗauki aikinta ta shiga maƙwabta, mutane suna cewa matar Malam ba ta zaman gida. Kai ma kana yaro kana mata dariya in ta sa turmi a bayan ƙyaure da rana. Macen da na auro mai yawan dariya ce, kai ba ka taɓa ganinta ba. Wannan ya yi mini ciwo, yana kuma yi mini har yanzu.

Ni kuma sai na koma kallon ƙafafun mutane a masallaci. Wanda ya yi sabuwar riga in zarge shi, wanda ya daina zuwa hira in zarge shi, wanda ya cika zuwa ma in zarge shi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ga shi kuma ba ya dawo da ko cokali. In abu ya ɓace maka ba ka da shaida, ka riƙe bakinka, kada ka ɓata sunan bawan Allah a garin da kake baƙo. Na tambayi Innarka sau da yawa a shekarun farko ko ta gane fuskarsa. Kullum amsarta ɗaya, ta ga mutum. Daga baya na bari.

Ranar da saƙonka ya zo na karanta mata halin gidan kamar yadda na ji, da maganar zana da kwanan kasuwa. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba a kai ɗiyar mutane gidan ga."

Na ce Gwandu garin malamai ne, kuma ba a san Bello da wata dukiya ba tukuna.

Ta ce, "Nan ma garin malamai ne."

Sai na sake yi mata tambayar da na daɗe ban yi ba. Na ce shekaru sun tafi, mun tsufa, ta faɗa mini ko baƙo ne.

Ta ajiye faifan ta ce, "Baƙo ya san inda adudu yake? Ran nan ya zo jaje. Ya kama hannunka, kac ce mishi ka gode."

Na ce wane ne?

Ta ce, "In na hwaɗi, ina shaidarka? Ka toshe rami, kun take sawu. Sai gaba har jikoki. Kuma ya ga ɗiyata a bayana." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta.

Na tambaye ta ko yana raye. Ta ce yana raye.

Jiya na yi sallar Juma'a, na gaisa da tsararrakina ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, na dawo gida. Ban san hannun da na kama ba, kuma na gane ba zan sani ba.

Saboda haka Hajo ba za ta hau motar ranar kasuwa ba. Ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake yi. Ka je wurin mai gidan ku daidaita, a buga tubali, a tayar da katangar baya da kaurin ta gaba, a yaɓe ta, a share lungun da ke bayanta. Ƙyauren ɗaki ya sami sakata ta ciki. Ka samo wata dattijuwa a maƙwabta da za ta riƙa kwana da ita ranar da kake ƙauye. In ka gama ka aiko, zan zo da kaina in zagaya bayan gidan in sa hannu a bangon. In ya yi, ni zan kawo maka matarka. Na san za ka ji haushi, sabon aure ne, ka kuma riga ka gaya wa abokai tana tafe. Ka ji haushin, ya fi sauƙi. Ubanta ya ba mu ita tana dariya, haka nake so ta tsufa.

Allah Ya kewaye gidanka da tsarinSa, Ya kau da idon mugu daga ƙofarka da bayanka. Ya tsare ka a hanyar kasuwa, tafiya da dawowa, Ya tsare amanar mutane da ke hannunka. Ya ba ka barci mai nauyi, kai da wadda za ta zauna a ɗakinka. Innarka ta ce amin.

Ni ne mahaifinka.